Libarbar da Ke Ƙasan Akwatin Nang Binang

A Danao, idan mutum ya gaji tsohuwar libarba, ko ya tsince ta naɗe cikin tsumma a kayan kakansa, ba ya ɓata lokaci wajen tambayar kowa. Ɗan acaba yake tarewa ya ce a kai shi gidan Noy Merto, can bayan kasuwar kifi inda hanya ta fara hawan tudu. Mamerto Tumulak ne sunansa a takarda, amma ko limamin coci da Noy Merto ya san shi. Noy ɗin girmamawa ce ta babban namiji a wurinmu, kamar Nang ga mace. Aikinsa shi ne ya dubi lambar da aka buga a gindin mariƙin bindiga, ya faɗa maka shekarar da ta fito daga masana'anta, sannan ya faɗa maka abin da za ta yi a kasuwa. Maganar farko kowa na son jin ta. Ta biyun ce kan sa wasu su tashi ba sallama.

Garinmu garin maƙeran bindiga ne, kowa ya san da haka, har waɗanda albashinsu yake kan kada su sani. Merto ma a maƙera ya tashi, a hannun baffansa, yana gugar ƙarfe da magagari tun bai iya ɗaura wando da kyau ba. Sai dai ƙira ba ta karɓe shi ba. Baffan kan ɗauki abin da ya goga, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Dong, yarona, wannan ko ɓarawon kaji ba zai ji tsoronta ba." Abin da Allah ya ba shi shi ne ido, da kuma riƙe abu a ka. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa kawo masa littafin lambobin kamfanonin Amurka, ya zauna ya shanye shi tas, har ranar da ruwan damina ya jiƙa littafin ya ruɓe ko a jikinsa.

Lamba ita kaɗai ba ta isa a garin nan, kuma dalilin mu ne da kanmu. Maƙerinmu na da, idan ya samu bindigar kamfani ta ainihi, uwa yake kiran ta. Zai aje ta a gabansa ya kwaikwaye ta tun daga hanci har gindi, har da lambar, domin a ganinsa lambar ma ado ce irin na jikin bindiga. Saboda haka uwa ɗaya kan haifi 'ya'ya barkatai, duk lambarsu ɗaya. Waɗannan 'ya'yan su muke kira paltik. Abin da Merto ya gano, wanda mutanen da ba su sani ba, shi ne kamfani ba a wuri ɗaya yake buga lamba ba. Yana maimaita ta a bayan gangar da ake zuba harsashi, da ƙarƙashin hanci, da kuma cikin katakon mariƙi inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Maƙerinmu kuwa wadda ya gani a waje kawai yake kwafewa.

Kuma Merto ba ya yi wa bindiga ƙarya, ko da ta wane ce. Amininsa Pilo mai kifi, wanda ya tsaya wa 'yarsa ta fari a coci ranar baftisma, shi ya sa yake kiran sa Pare, ya taɓa zuwa da tasa yana hura hanci.

"Pare, riƙe da hannu biyu. Wannan tun zamanin Sipaniyawa take gidanmu. Da ita kakana ya kori 'yan fashin teku."

Merto ya juya gindinta, ya kara gilashinsa mai ƙara girman abu. "Ashe kakanka ya yi tsawon rai. Wannan ai bayan an yaye ka ta fito."

"Haba Pare, sake dubawa dai."

"Na duba. Ta kamfani ce, ban hana ka ba. Amma wanda ya shafa mata sabon baƙi ya kashe rabin darajarta. Wa ya aike ka?"

"To ni na ga ta yi fari-fari."

"Tsufa ne. Kai da ka yi furfura baƙin tukunya aka shafa maka?"

Pilo ya naɗe kayarsa ya tafi yana ƙunƙuni, kuma an daɗe Nang Binang, matar Merto, ba ta ga gyara a kan kifin da take saye ba.

Duk da wannan, akwai libarba ɗaya a Danao da Noy Merto bai taɓa ɗora wa gilashi ba, kuma a ɗakinsa take kwana, a ƙasan akwatin matarsa.

Labarinta ya girmi aurensu. Lokacin yaƙi, da sojojin Japan suka mamaye gari, wasu maza suka hau dutse suka zama 'yan sari-ka-noƙe. Shugabansu malamin makaranta ne, Maestro Abundio, kuma shi kaɗai ke da libarbar Amurka ta ainihi. Maƙerinsu Hilarion ne, mahaifin Merto, wanda ya mai da bindigar Maestro uwa yana ƙera wa sauran. Cikinsu akwai Crispulo, mahaifin Binang, abokin Hilarion tun suna yara. Wata safiya aka aiki Crispulo bakin teku neman gishiri. Kafin ya dawo sojoji sun hau ta hanyar da baƙo ba zai sani ba, sun kashe duk wanda suka tarar, har Maestro da Hilarion, sun kwashe makamai. Kowa ya san wani ne ya nuna hanya, sai dai ba a san wane ne ba.

Bayan yaƙi, a filin faɗan zakaru, gardama ta kaure, rigar Crispulo ta ɗage, aka ga libarba a ƙugunsa tana sheƙi. Ƙanen Maestro yana wurin. Ya ce a nuna masa gindinta, ya karanta lambar, sai ya ɗora hannu a ka. Lambar yayansa ce. Nan take aka gama shari'a: Japanawa sun ɗauke bindigar Maestro, ga ta a hannun mutum ɗaya tilo da ya tsira, to ladan cin amana ce aka ba shi.

Crispulo ya rantse ya maya cewa Hilarion ne ya ƙera masa ita, ita ce ta ƙarshe da ya gama kafin a kashe shi. Maƙeran da ke wurin suka karɓa suka duba, suka juya gangar suka ji tana tafiya sumul, suka dubi baƙinta, suka yi dariya. Sun san paltik ɗin Hilarion, sun ce, masu kaushi ne kamar na kowa. Wannan kuwa hannun ɗan Danao bai yi ta ba, balle a bukka a kan dutse. Har yau idan na tuna wannan hukunci raina ɓaci yake yi. Mutanen da ke cin abinci da kwaikwayo, su ne suka kasa yarda cewa ɗan'uwansu zai iya kwaikwayon da zai ruɗe su. Aka ce wa Crispulo ya miƙa bindigar ga dangin Maestro. Ya ce kyautar mamaci ce, sai dai a kashe shi a ɗauka. Wannan taurin kai shi ya ƙarasa shi a idon mutane.

Ba a kashe shi ba, an dai daina ganin sa. Idan ya zauna a benci sai mutane su tuna suna da aiki. Kifinsa sai ya kai wani gari kafin ya samu mai saye. Binang ta tashi tana jin ana kiran ta 'yar mai gishiri, tun ba ta san zagi ba ne har ta sani. Bai yi tsawon rai ba. Ranar da ya mutu da ƙyar aka samu masu ɗaukar akwatin gawa, aka binne shi a kusurwar maƙabarta inda ruwa ke kwanciya. Abin da ya bar wa 'yarsa libarbar nan ce, da magana ɗaya: kada ta bari kowa ya raba ta da ita.

To wannan yarinya ce ɗan Hilarion ya gani a bakin rijiya ya ce ita yake so. Mahaifiyarsa, Nang Iska, ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Dong, ka auri wadda ka ga dama, ai kai ne za ka zauna da ita. Amma ni ba zan ci abin da aka dafa da gishirin gidan ba." Kuma ta cika maganarta. Ba ta je ɗaurin aure ba, ba ta taɓa ɗanɗana girkin Binang ba. Ko da ta kwanta ciwon ajali, Binang ce ke wanke ta tana juya ta, amma kunun da za ta sha sai dai maƙwabciya ta dama.

Merto ya so matarsa, wannan ba mai musu. Sun haifi 'ya'ya mata uku, sun aurar da su, sun yi faɗa a kan kuɗin cefane da a kan zakarun da yake kiwo, sun shirya. Amma maganar libarba ba ta taɓa shiga tsakaninsu da baki ba. Tun yana matashi, ranar da ya gane sirrin lambobin ciki, ya san cewa da sukundireba ɗaya zai iya raba gardamar da ta kashe surukinsa. Ya dawo gida a ranar da niyyar faɗa mata. Ya tarar tana tsince tsakin masara tana 'yar waƙa, sai ya tambayi kansa: idan na buɗe na ga lamba fa? Idan ta kamfani ce, to uban matarsa ne ya sayar da ubansa, kuma shi ba ya iya yi wa bindiga ƙarya. Ya haɗiye maganar. Daga baya ta ji da kunnenta yana yi wa masu kawo aiki bayanin lambobin ciki, ta gane abin da hakan ke nufi, ita ma ba ta ce komai ba. Duk shekara takan fito da libarbar idan ba ya gida, ta shafe bayanta da man kwakwa ta mayar. Yakan ji ƙanshin man a hannunta ya yi kamar bai ji ba.

Wuri ɗaya ne abin ke fitowa fili. Farkon watan Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa maƙabarta ya share kabarin nasa ya kunna kyandir, tare suke fita daga gida. A bakin ƙofa Binang kan raba kyandir ɗin kashi biyu, ta miƙa masa nasa. Shi ya yi dama wajen Hilarion da Nang Iska, ita ta yi hagu wajen kusurwar ruwa. Bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa bin ta ba. Da suna ƙanana 'ya'yan sukan tambayi dalili, sai a ce musu don a gama da wuri ne.

Haka suka tsufa. Sai idanun Merto suka fara yi masa gardama. Da farko lambobi ne ke haɗewa, takwas ta koma uku, ya ce gilashin ne ya dushe. Daga baya fuskokin mutane suka zama inuwa. 'Yarsu ta kai shi wajen likita a birnin Cebu, likita ya ce wannan ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, sai haƙuri. Ya dawo ya sa aka gaya wa mutane ya bar aiki. Ya koma zama a gaban tsohon teburinsa yana shafa kayan aiki, yana sauraren zakaru.

Wata safiya ana saura kwana kaɗan ranar maƙabarta, an ɗauke ruwa rana ta fito, Binang ta dawo daga kasuwa da ƙullin kyandir. Ta wuce ɗaki, ya ji ta ja akwati. Sannan ta fito ta tsaya a kansa.

"Merto, gyara teburin nan."

"Wa ya zo? Ai na ce na bar aiki."

"Ni ce na zo. Yau ni ke kawo aiki, kuma ba biya zan yi ba."

Ta aje abu mai nauyi a kan katako. Ƙanshin man kwakwa ya daki hancinsa.

"Binang, mayar da ita."

"Ba zan mayar ba. Na ji abin da likita ya ce, ni ba kurma ba ce. Kai za ka makance, ni kuma ƙafata ɗaya na cikin kabari. In na je na tarar da mahaifina, ina so in san da wace fuska zan gaishe shi."

"Ai kin makara. Ko lambar gindi ba na gani."

"Nawa idon na nan. Kai faɗi inda zan duba."

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da bindigar gwaji ta fashe a hannun baffansa. Ya ce, "In ta kamfani ce fa?"

"In ta kamfani ce, ka faɗa mini kamar yadda ka faɗa wa Pilo. Na sha zagi tun ina goye, ba yau zan mutu da shi ba."

Ya miƙa hannu ya lalubo libarbar. Nauyinta daidai, santsinta daidai. Ya buɗe gangar ya zura yatsa a kowane rami ya tabbatar ba harsashi, domin wannan doka ce da bai taɓa karyawa ba. Ya juya ta a kusa da kunnensa, tana tafiya sumul kamar yadda aka ba da labari. Ya taɓa dubban paltik a rayuwarsa, bai taɓa jin wadda ke juyawa haka ba.

"Karanta mini lambar gindi."

Ta faɗe ta da ka, ko gilashin ba ta ɗauka ba.

"Wannan lamba ta 'yan shekaru kaɗan kafin yaƙi ce," in ji shi. "Ta dace da ta Maestro. In ta ainihi ce, a yadda take ɗin nan ba a taɓa mata fenti ba, za ta sake mana rufin gidan nan har a samu canji."

"Rufin ya ci gaba da yoyo. Ina zan duba?"

Ya ɗora yatsanta a bayan gangar. "Nan. Abin da kika gani shi za ki faɗa, Binang."

"Da can ƙarya na saba yi maka?"

Ta kara gilashi, ta matsa bakin taga. Ya ji numfashinta. Ta daɗe kafin ta ce, "Ba komai."

"Wannan bai isa ba. Ana iya canza ganga. Dubi ƙarƙashin hanci, nan wurin da ya yi shafal."

"Akwai dauɗa." Ta sa gefen zaninta ta goge. Sai muryarta ta canza. "Merto, akwai wani abu."

Ya riƙe gefen tebur. "Mene ne? Lamba?"

"Tsaya mana, ka bar ni in gani." Ta sake gogewa, ta juya wajen haske. "Ƙarzuwa ce. Layi ɗaya, kamar an ja ƙusa. Ba lamba."

Saura mariƙi. Nan ne ba mai canzawa, ba mai gogewa. Ya lalubo ƙaramar sukundirebarsa, ya sa kanta a ramin ƙusar mariƙin da yatsa. Ƙusar ta ƙi motsi, domin tun ranar da aka ɗaure ta ba wanda ya taɓa ta. Ya ɗiga mai, ya jira, ya sake murɗawa a hankali har ta saki. Katakon ya rabu da ƙarfe. Ya miƙa mata ɓari biyun.

Wannan karon ba ta daɗe ba. "Fari ne fes a ciki," in ji ta. "Bayan ne kawai aka rina. Ba lamba, ba rubutu, sai sawun wuƙa. Merto, wannan ai itacen gwaiba ne. Irin wanda muke yin muciya da shi."

Shi kuwa yatsunsa sun riga sun shiga cikin ƙarfen da katako ya rufe. Can inda ba mai gani, maƙerin bai ɓata lokacin gogewa ba. Sawun magagari na nan ɓaro-ɓaro, layi bayan layi. Merto ya bi su da ɗan yatsa, ya sake bi. Sun karkata ta ɓangaren da ba a saba ba. Baffansa ya sha faɗa masa cewa Hilarion bahago ne, ba mai iya aiki a teburinsa don komai a juye yake aje shi. Merto yana ɗan shekara uku aka kashe mahaifinsa. Bai san muryarsa ba, ba shi da hotonsa. Yau da furfura da makanta ya ɗora yatsa a inda hannun mutumin ya bi.

"Tay, Babana," ya ce a hankali.

Binang ta zauna a benci. "Faɗa mini yadda kake faɗa wa mutane. Da bakinka nake so in ji."

Ya share fuska da bayan hannu, ya gyara murya. "Paltik ce. Ƙirar Danao, zamanin yaƙi, aikin Hilarion Tumulak. Mahaifinki gaskiya ya faɗa."

"Nawa za ta yi a kasuwa?"

"Ko buhun masara ba za ta saya ba."

Ta fashe da dariya, dariyar ta zarce ta zama kuka, irin kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne mahaifinta don kada a ce tana neman tausayi. Ya lalubo kafaɗarta ya riƙe. Shi ma abin da ke cin sa ba kaɗan ba ne. Ubansa ya zauna a kan dutse, da yunwa da tsoro, ya zuba duk iyawarsa a bindiga ɗaya don ya faranta wa abokinsa, kuma kyan aikin ne ya jawo wa abokin baƙin jini har kabari. Da ya yi ta da kaushi irin na kowa, da ba wanda ya ko kalle ta. Ga Nang Iska da ta mutu tana ƙyamar hannun da ke wanke ta.

Da kukan ya lafa, Binang ta ce, "Ka san wani abu? Da ka taɓa ce mini kawo, ko sau ɗaya, da na kawo."

"Na ɗauka ba kya so a taɓa."

"Jira nake ka tambaya. Da na ga ba ka tambaya ba, sai na ce to shi ma ya yarda da abin da ake faɗa, yana rufa mini asiri ne kawai."

"Tsoro nake ji, Binang."

"Na sani yanzu. Amma ka bar ni ina tafiya hagu ni kaɗai tun ina da ƙarfin ƙafa har na koma dogara sanda."

Bai kare kansa ba. Ya dubi bindigogin gari kaf, ya faɗa wa baƙi gaskiyar da ba su so, ya bar ta gidansa a ƙasan akwati har idonsa ya ƙare. Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin shekarun da ba za su dawo ba.

Da rana ya aika aka kira Pilo, ya sa shi ya duba da idonsa, ya ce ya je ya faɗa. Ba a banza aka zaɓi Pilo ba, kafin la'asar kasuwar kifi duk ta ji. Sai dai waɗanda ya kamata su ji duk suna maƙabarta: ƙanen Maestro, da maƙeran da suka yi dariya, da masu tashi daga benci. Tsofaffi biyu ko uku suka girgiza kai suka ce dama su ba su taɓa yarda ba, alhali an san bakinsu. Matasa kuwa tambaya suka yi, wai wane ne Crispulo. Pilo ya dawo da wannan labari ransa a ɓace, ya aje wa Binang babban kifi bai karɓi ko kwabo ba. Wanda ya nuna wa sojoji hanya kuma, har yau ba a sani ba.

Ranar maƙabarta ta zo. Suka fita tare kamar kullum, yana riƙe da gwiwar hannunta, tana dogara sanda, hanya cike da mutane ɗauke da furanni da bokitin fenti da kulolin abinci. A bakin ƙofa ta tsaya. Hannunta ya riga ya saba, ta kwance ƙullin kyandir ta fara rabawa biyu. Ya ji ƙarar takarda, ya kama wuyan hannunta.

"Bar su a haɗe."

Ta dube shi.

"Ki ja ni, Binang. Ban san hanyar ba."

Ta mayar da kyandir ɗin ta ƙulle, ta kama hannunsa, suka yi hagu. Hanyar ta yi nisa fiye da yadda ya zata, kuma ƙasar na daɗa laushi, taɓo na kama takalminsa. Hayaniyar mutane ta koma bayansu. Da ta tsaya, ta ɗora tafinsa a kan siminti mai sanyi, ya laluba ya bi haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya. Ya cire hula. Ya durƙusa a cikin taɓon da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Tay Crispulo," ya ce, "Merto ne, ɗan Hilarion, mijin Binang. Na zo a makare. Ka yafe mini."

Binang ta kafa kyandir a gefen kabarin, ta sa masa ashana a hannu, ta riƙe yatsunsa ta kai su kan lagwani.